Manhajar ganga da na zaɓa wa situdiyona, da waɗanda na ƙyale

Situdiyona ɗaki ɗaya ne na ƙasa a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Sola ce ke riƙe da mu, batir biyu da inbata, kuma yawancin aikin waƙar biki ne da talla, sai 'yan siyasa idan kakarsu ta kama. Bara bayan an sayar da riɗi na shiga Sabon Gari a Kano na sayo gangar lantarki ta hannu, Alesis Nitro Mesh. Sautin da ke cikin akwatinta ya ishe ka atisaye, amma da na zo haɗa waƙa sai na ga gara na jona ta da kwamfuta, sautin ya riƙa fitowa daga manhaja.

Ga wanda bai taɓa yi ba, wayar USB da ke zuwa kwamfuta ba sauti take kaiwa ba. Saƙo ne na lambobi da ake kira MIDI: wane faifai ka buga, kuma da wane ƙarfi. A tsarin da aka saba, 36 ita ce kik, wato babbar gangar da ake bugawa da ƙafa, 38 kuma sineya, ƙaramar gangar nan mai kaifin sauti. Manhajar ce ke karɓar lambar ta saki muryar gangar gaske da aka riga aka ɗauka a wani situdiyo. Shi ya sa ganga ɗaya take iya sauya murya gaba ɗaya idan ka sauya manhaja.

Kowa ka tambaya a intanet zai ce maka Superior Drummer 3, ta kamfanin Toontrack na ƙasar Suwidin, wadda ta fito a 2017. Na saurare ta a situdiyon wani abokina a Zoo Road, kuma ba a yi mata ƙarya ba, har numfashin ɗakin da aka buga gangar kake ji. Sai dai cikakken rumbunta ya kai gigabait 230. Ni da sai na tsaya gindin kukar bayan makarantar firamare kafin waya ta kama sabis sosai, na yi lissafin data na ce Allah ya ba mai rabo. Kwamfutata ma ta hannu ce, Core i5 mai RAM 8, a watan Afrilu sai na ɗora ta kan bulo biyu na kunna mata fanka.

Da MT Power Drum Kit 2 na fara, don kyauta ce kuma ko kusa da gigabait ɗaya ba ta kai ba. Saitin ganga ɗaya ne tak a cikinta, an riga an gyara sautinsa, ka ɗora ta cikin FL Studio, manhajar haɗa waƙa, ka ci gaba da aiki. Wata huɗu na yi da ita, waƙoƙin amare da yawa sun fita, babu wanda ya dawo da ƙorafi.

A nan ne na yi wautar da ta kusa sa ni mayar da gangar kasuwa. Ina bugawa, sautin yana biyo baya kamar amsa-kuwwa a rijiya. Kwana uku ina zargin waya, ina zargin wanda ya sayar mini, ashe saitina ne. Bafa, wato yawan gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake shi, tana kan 512, wanda a ma'aunin gutsure 44,100 a sakan jinkirin milisakan 11.6 ne, ban da wanda sauran na'urori ke ƙarawa. Na sa direban ASIO na saunkad ɗina, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar sauti kai tsaye, na sauko da bafar zuwa 128, ta koma milisakan 2.9, hannu da kunne suka daidaita. Idan na matsa zuwa 64 sai kwamfutar ta fara ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Kafin ka kashe ko sisi kan manhaja, fara gyara wannan.

Wadda na biya kuɗi a kanta ita ce EZdrummer 3, ƙanwar Superior Drummer 3, ta 2022, da aka ɗauki sautinta a situdiyon Hansa da ke Balin a Jamus. Kusan gigabait 15 ce, a Kano na sauke ta a dare ɗaya. Da dala ake sayenta, kuma na ji a jikina. Abin da ya ja ni shi ne tana tashi ita kaɗai ba sai ka buɗe wata manhajar ba, kuma akwai jerin sunayen gangunan lantarki a cikinta, ka zaɓi taka faifan su hau daidai. Sannan bugu ɗaya ba murya ɗaya gare shi ba. Sun ɗauki kowace ganga sau da yawa, a hankali da ƙarfi, don haka idan ka yi sauri a sineya ba ya fita ta-ta-ta kamar injin niƙa. Hayihat, faifan ƙarfe biyun da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, ita ma tana bin ƙafarka, buɗewa kaɗan daban, buɗewa duka daban.

To amma fa duk ganga ce ta Turawa, kuma EZdrummer 3 ba ta karɓar sautin da ka ɗauka da kanka. Mu kuwa a nan amarya ba ta taka rawa sai ta ji kalangu. Sai na nemo wata 'yar ƙaramar manhaja, Sitala, mai gurbi 16, wadda kowane gurbi za ka jefa masa sautin da kake so. Kawuna makaɗin mahauta ne tun kafin a haife ni. Na roƙe shi ya zo bayan sallar isha, lokacin da injin markaɗen maƙwabta ya yi shiru. Na ce, "Kawu, bugu ɗaya-ɗaya za ku yi mini, a sake tsarkiya, a matsa kaɗan, a matse duka." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ai wannan ba kiɗa ba ne, ƙirga ne." Ya dai yi. Muka ɗauki kalangu murya uku, kowacce a hankali da ƙarfi, muka ƙara ɗan karɓi da ƙwarya, na raba su kan faifan gangar lantarkin uku da ake kira tom, da gefen sineya.

Washegari na buga masa. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ce muryar tasa ce, amma wannan kalangun bebe ne. Gaskiya ya faɗa. Kalangu yana magana ne a lokacin da hammata ke matsa tsarkiya sautin yana hawa ko sauka, ni kuma tsayayyun muryoyi uku kawai na kama. Ga kiɗan rakiya a ƙarƙashin fiyano ya wadatar, har wasu ba sa ganewa. Kirari kuwa ba zai yiwu ba.

Yanzu EZdrummer 3 ce ke riƙe kik da hayihat, Sitala na riƙe na gida. Idan aka kawo waƙar da za a wasa ango da sunan kakanninsa, sai na tura ƙanena da babur ya ɗauko Kawu daga kasuwa, na kafa masa makirfo, kuma kuɗinsa daban nake faɗa wa mai waƙa tun kafin a fara.