Hattara da mai saida "tsohuwar giranda gyararra" a Facebook, ni ya riga ya ci nawa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hannu, musamman 'yan walda da masu wasa wuƙa na cikin Katsina da kewaye. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan saboda kunya wallahi, a ce mutum shekara 14 yana cikin ƙarfe sannan a saida mashi bola an shafa mata fenti. Amma jiya wani abokin sana'a daga Daura ya turo mani bidiyon nan dai da aka cuce ni da shi yana tambayata ko ya tura kuɗi, sai na ga in na ci gaba da shiru to da ni ake cutar mutane.

Abin ya faru ana saura kamar sati uku Babbar Sallah. Kun san lokacin nan mahauta da masu gida kowa zai kwaso wuƙaƙe da adda da gatari, ni kuma girandar kan benci da nake da ita, wato injin wasa ƙarfe mai dutse, ƙarama ce irin ta yanzu, minti goma ta ɗau zafi sai an jira ta huce. To tun ina yaron shago maigidana, Allah ya jiƙan shi, yana da wata tsohuwar Wolf 'yar Ingila, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta cikin daɗin rai, in ka kashe ta sai ka je ka sha ruwa ka dawo dutsen bai gama tsayawa ba. Tun sannan raina ke kan irin ta. Shi ya sa da na ga tallar mutumin nan ban tsaya dogon tunani ba, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ya sa hoton giranda mai dutse biyu inci 8, fenti ruwan toka tana ƙyalli, ga farantin suna a gaba an rubuta Baldor, wanda kamfanin Amurka ne kuma duk wanda ya san injinan lantarki ya san kayansu na da suna. Ya ce yana Kano, wai yana sayen injinan tsofaffin masana'antun da suka rufe a Sharaɗa da Bompai ya kwance su ya sa sabon boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfen da sandar inji ke juyawa a ciki, ya wanke ya yi fenti. Maganar ta shiga kai don kowa ya san masana'antu da yawa sun rufe a can. Muka koma WhatsApp, bakin shi kamar zuma, oga kaza oga kaza, "wallahi oga don kai ɗan sana'a ne, akwai wani ɗan Funtuwa da ya taya amma na fi so ta je hannun wanda ya san darajarta." Ya turo bidiyo ya cusa filogi a soket ya kunna tana juyawa lafiya lau. Ya ce dubu 95, muka tsaya a 80, na tura 50 ta wajen mai POS, sauran sai direba ya iso.

Direba ya kira ni wajen la'asar na je tasha, kaya a buhu an naɗe da kwali da igiya tamau. Na ɗaga na ji nauyi na ce alhamdulillahi. Shi ko yana ta kira, oga ka cika don Allah zan biya yaran da suka yi aiki, direba ma yana sauri zai juya, haka na tura cikon ban kwance ba. Direban ba ruwan shi, kuɗin mota kawai ya sani.

Na kai shago na ɗaure ta a benci da noti. Da na kunna ba kaya a kai shiru take, amma ina ɗora adda sai gudu ya faɗi tana gurnani kamar za ta tsaya, benci na rawa, kafin minti biyar jikinta ba ya taɓuwa ga warin waya. Ina miƙa hannu in kashe kenan na ji fau! Dutsen hagu ya tarwatse, wani ɓari ya wuce ta gefen kunnen yaron shagona ya huda kwanon da muka yi katanga da shi, hujin na nan har yau yatsa uku na shiga. Yaron shekarar shi 16, uwar shi ta kawo mani shi amana. Ni kuɗin ba su dame ni kamar wannan ba. Dutse inci 8 a gudun irin waɗannan injinan, wajen zagaye 2850 a minti a wutarmu, bakin shi na tafiyar da ta haura kilomita 100 a awa, to ku auna ɓarin dutse a wannan gudun ya samu ido ko wuya.

Washegari na ɗauke ta a Keke Napep zuwa wajen wani dattijo mai riwayin, wato mai sake naɗa wayar inji, da muke kai ma injinan walda. Bai ma taɓa sifana ba, ya gyara tabarau ya duƙa kan farantin sunan ya ce "ɗana karanta mani nan." Na karanta, 115V, 60Hz, 3450. Ya ce to a ina ka kunna ta? Na ce a soket ɗin shago Baba. Ya yi dariya har da tari, ya ce wutar ƙasar nan 230 ce kuma 50Hz, injin da aka yi don wutar Amurka 115 kaɗai in ka cusa shi a namu ba taransifomar rage wuta ai ba zai daɗe ba zai yi hayaƙi, wannan farantin ba nata ba ne, daga jikin wani mataccen inji aka ɓamɓaro shi. Ya nuna mani ribit ɗin, sababbi fil farare, ga tsofaffin huji biyu a gefe an toshe da foti. Abin da ya fi ƙona mani rai, farantin nan ya fito ɓaro-ɓaro a bidiyon da ya turo kuma a gabana ya cusa filogi a soket, shaidar ƙaryar tana hannuna tun ranar farko ban karanta ba.

Da aka buɗe ciki kuma sai innalillahi. Nauyin da na ji a tasha ashe siminti ne aka zuba a gindin aka shafe da baƙin fenti, jikin ba zubin ƙarfe mai kauri ba ne irin na da. Baba ya sa wuƙa ya kankare wayar kwayil, saman ja ƙasan fari tas, alminiyam ce mai rufi ba jan ƙarfe ba, kuma gefe ɗaya ya riga ya yi baƙi tun kafin ta zo hannuna. Boris ɗin da ya ce sababbi ne tsofaffi ne an danƙara masu giris mai kauri don su yi shiru na ɗan lokaci, in ka girgiza shaf, wato sandar da dutsen ke kai, da hannu kana jin ƙwas ƙwas. Kafasita, ɗan gwangwanin da ke taimaka ma inji ya tashi, ta kumbura an naɗe ta da salatif. Ragowar dutsen da ya fashe kuwa ana ganin tsohon tsagu a ciki ya yi duhu da datti, wato ya san da shi ko kuma bai damu ya duba ba, duk ɗaya ne a wajena.

Shi gyaran tsohuwar giranda abu ne mai kyau fa, kar a ce na ɓata sana'ar mutane, akwai masu yi tsakani da Allah. Amma mai gyaran gaskiya fenti ne ƙarshen abin da yake yi, kuma ba ya jin haushi in ka ce ya buɗe maka murfi ka ga waya. Ka ce a ɗora ƙarfe a danna a gabanka na minti goma, juyawa ba kaya ko fanka na yi. Ka kama shaf ka girgiza, ka duba ko murfin dutse da ɗan ƙarfen da ake ɗora wuƙa suna nan, shi wannan tazarar shi da dutse kada ta wuce milimita 3 in ba haka ba abu zai iya faɗawa tsakani. Dutse kuma duk wanda ya zo da tsohon inji ka kwance shi, a tuna notin gefen hagu baibai yake kwancewa kar a yi ta dukan sifana a banza, ka rataya shi a yatsa ta hujin tsakiya yana bushe ka ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar katako. Lafiyayye zai yi ƙara tar kamar ƙararrawa, mai tsagu sai ka ji dif. Ka duba gudun da aka rubuta a takardar jikin dutsen kada ya gaza na injin, in ka kunna karon farko ka koma gefe minti ɗaya. Duk wannan na sani, maigidana ya koya mani da ranƙwashi ma, ɗoki ne ya sa ban yi ko ɗaya ba.

Da na kira shi cewa ya yi ƙila direba ne ya yar da ita a hanya. Na tura mashi hoton siminti, ya ce oga bari in yi sallah in kira ka, to har yau sallar ba ta ƙare ba, ya toshe ni ko'ina. Ban sa suna ba don ba shi da amfani, sunan shafin da ya yi magana da ni daban, sunan akawun ɗin da na tura kuɗi daban, wanda ya tuntuɓi ɗan Daura kuma wani ne na uku. Abin da bai canza ba shi ne bidiyon: benci mai shuɗin fenti, bango ba filasta, da hannu mai zoben azurfa yana kunnawa. Yanzu har da injin huji da bais na matse ƙarfe yake tallatawa duk a kan bencin nan.

Na kai maganar wajen hukuma da rasit ɗin POS da hirarmu duka, an ce in an samu wasu da ya yi ma haka zai fi ƙarfi. Saboda haka duk wanda ya taɓa tura ma mai shuɗin bencin nan kuɗi ya yi mani magana ta inbos, kar ya goge komai. Girandar kuma ban saida ma 'yan jari bola ba, tana nan shagona wajen Ƙofar Ƙaura a buɗe da simintinta, wanda ke son gani da idon shi ya biyo bayan la'asar.