Aiki ya yi kyau, amma ƙugiya ɗaya ta ɓata mini rai

Wani edita ne ya haɗa ni da wani yaro mai ƙawata bidiyo da kwamfuta, a wani ɗan situdiyo da ke saman bene a Zoo Road, Kano. Buɗewar fim ɗina mai dogon zango nake so, daƙiƙa 40 kacal, wadda za ta riƙa fitowa a farkon kowane kashi. Na gaji da irin wadda kowa ke saukewa daga intanet, wuta na tartsatsi, sunan fim na juyi kamar fanka.

Ranar da ya kira ni in gani, wallahi sai da na miƙe tsaye. Ashe karofin Ƙofar Mata ya je ya ɗauko hoton ruwan baba daga sama. A manhajar ƙawata bidiyo ta After Effects ya sa haruffan suna tasowa daga cikin shunin ɗaya bayan ɗaya, kamar ana tsamo ƙyalle, suna ɗiga, kowane harafi na faɗowa daidai bugun kalangu. Ya ce mini hoto 25 ne a kowace daƙiƙa, wato 1,000 cif, kuma ɗigar nan da hannu ya bi ta. Nan take na ƙara masa na mai a kan abin da muka yi ciniki.

To, a sunan fim ɗin akwai kalmar ƙasa. Salon rubutun da ya zaɓa na Turawa ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Maimakon ya faɗa mini, ko ya zana ƙugiyar da kansa, aikin da bai kai ɗigar ruwan da ya yi wahala ba, sai ya danna k ya wuce. Ni ma kyan abin ya rufe mini ido, laifina ne wannan. Muka ɗora a YouTube daren Juma'a. Kafin asuba wani ya rubuta a ƙasa: "Tun daga suna kun kasa." Mutane suka yi ta dariya. Sunayen 'yan wasa ma duk Ɗan ya koma Dan.

Na koma da safe. "Ƙanena, Bahaushe da kai?"

"Yallaɓai, ai kowa haka yake rubutawa a waya. Za a gane."

Wannan maganar ta fi kuskuren ƙona mini rai. Sannan wai sai na sake biyan kuɗin rendarin, wato fitar da kammalallen bidiyon daga kwamfuta, don babu wuta, janareta zai kwana yana aiki. Kuma YouTube ba ya bari a musanya bidiyo, sai dai a goge a sake ɗorawa, duk kallon daren nan ya tafi.

Na biya. Ƙugiyar da ya zana ta fito da kyau, har ita ma tana ɗiga. Sai yanzu nake tuna kwana 5 ya ce da farko, sai da ya ci mako biyu, kuma har yau bai ba ni fayil ɗin aikin a filash ba.