Kafin ku sayi kayan buga ƙwayoyin haidirojel, ku duba nan

Jama'a kafin ku zuba kuɗin bincike a na'urar buga ƙwayoyin haidirojel, wato ƙananan ƙwayoyin jel mai riƙe ruwa da ake gwajin samfur da su, ku fara tambayar kanku, ƙwaya nawa kuke so a rana, kuma sau nawa za ku riƙa canza zane? Don asalin aikin ɗaya ne, ruwan PEGDA, wato sinadarin da ke zama jel ɗin, a haɗa shi da sinadarin da haske ke tayarwa irin Darocur 1173, a haska UV mai nanomita 365, inda hasken ya taɓa sai ya daskare ya zama ƙwaya da DNA ko antibodin gwajin a cikinta.

Ni dai wadda na fi so ita ce ta tsaida ruwa, wadda ɗakin binciken Patrick Doyle na MIT a Amurka ya fito da ita a 2007. A tsaida ruwan a cikin siririn bututu, a haska ta cikin fim mai zane, a tura ƙwayoyin gaba, a sake. In kuna da maikuroskof mai leƙowa daga ƙasa to kun ci rabin hanya, saura fitila da abin buɗe haske da rufewa da iskar matsi. Amma don Allah bututun ya zama na PDMS, wato robar silikon, kar wani ya lallaɓa ku da na gilashi wai ya fi ƙarko, iskar oksijin da ke ratsa PDMS ita ce ke hana ruwan jikin bango daskarewa shi ya sa ƙwayoyin ke sulalewa, da gilashi kuwa mannewa za su yi su toshe muku hanya. Kuma a nan ne za ku jera ruwa biyu gefe da gefe, ƙwaya ɗaya ta fito da lambar shaida a ɓangare guda, wurin kama samfur a ɗayan.

Mai DMD, wato ƙananan madubai da ke zana hasken daga kwamfuta, ba ruwanta da fim. Daɗin aiki kam akwai, kuɗi ma akwai. In zanenku bai wuce uku ko huɗu ba gaskiya buga fim ya fi sauƙi.

Sai zubi a mazubi, irin hanyar PRINT ta masanin kimiyya Joseph DeSimone ta 2005. Tana ba da ƙwayoyi da yawa lokaci guda, sai dai kowane mazubi siffarsa ɗaya, mai ɓangare biyu kuma wahala ce.

Duk wadda kuka ɗauka ku haɗa da sinadarin PEG 200 ko 600, wanda ake zubawa a ruwan PEGDA, a odarku. Shi ke buɗe ramukan jel ɗin, in babu shi manyan furotin a waje za su tsaya, ku yi ta zargin na'ura.