Man Dogon Yaro Ko Maganin Feshi?

Kullum sai an tambaye ni wanne ya fi wa shukar gida idan ƙwari sun kama ta. Fara juya ganye tukuna, can ƙasansa darɓa da farin ƙuda suke maƙalewa, ganyen ya yi danƙo.

Man dogon yaro ba ya kisa nan take. Hana ƙwaro ci da girma yake yi, rana kuma tana kashe ƙarfin man, dole a maimaita duk kwana 7, da yamma, a haɗa da ɗan sabulu. Maganin feshi kuwa sha yanzu magani yanzu ne, amma har ƙudan zuma yake kashewa, abin da ke damuna ke nan, ƙwarin kuma suna sabawa da shi.

Mai shuka kaɗan da ya farga da wuri, man ya ishe shi. Wanda ƙwari suka riga suka mamaye, ya yi feshi bisa umarnin jikin kwalbar.