Kuka da Kunkurun Sahel: Wa Ya Fi Buƙatar Kariya?

Kuka da babban kunkurun Sahel duk sun san yadda ake cin rani. Kuka takan kakkaɓe ganyenta ta zauna da ruwan da ta tara a gangar jikinta. Shi kuwa kunkuru rami yake haƙawa mai zurfi, ya shige ya lafe har zafi ya sauka.

A shekaru kuka ta yi masa nisa. Kunkurun yakan wuce 70, amma an auna wata kuka a Zimbabuwe ta haura shekara 2,400. Ga taurin rai, a ɓare mata ɓawo a tufka igiya, ta sake yin wani. Matsalarta magada ce. Furenta da dare yake buɗewa jemagu su yi masa barbara, to itacen da kullum ake sare wa rassa saboda miya, yaushe zai yi fure? Wadda ta tsiro kuma awaki su kalmashe. Duba gonaki ka gani, tsofaffi ne a tsaye, ƙanana sai an nema.

Na kunkuru ya fi muni. Yakan shekara goma ko fiye kafin ya fara ƙwai, ga dabbobi sun cinye masa ciyawa, ga masu kama shi su ajiye a gida ko su sayar. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji don kasuwanci, duk da haka yana cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

A ganina shi za a fara ceta. Kuka dai kowa zai iya shukawa a bayan gida ya kewaye ta da ƙaya.