Wane Akwatin Harba Makamai Ya Dace da Jiragen Yaƙinmu na Ruwa?

Tunda kwalejin sojan ruwa mai koyar da harkar kayan aiki ta zauna a Dawakin Tofa, zancen jiragen yaƙi ya shigo majalisunmu na ƙauye, mu da ba mu da teku. Ya kamata ya shigo, don da kuɗin jama'a ake sayensu.

Jiragen zamani suna jera makamai masu linzami ne a tsaye cikin gurabe a ƙarƙashin daɓen jirgi, kamar kwalabe a kiret, yawanci takwas-takwas a kowane akwati. Mai saye ya ƙara akwati gwargwadon girman jirginsa.

Akwatin Mk 41 na Amurka, wanda kamfanin Lockheed Martin ke ƙerawa, ya fara aiki a 1986, kuma babu wanda ya kai shi karɓar makamai iri-iri: Tomahawk na kai hari nesa, SM-2 na kakkaɓo jiragen sama, da ESSM na kare jirgi daga harin sama da ake cusa huɗu a gurbi guda. Jirgin yaƙin Amurka samfurin Arleigh Burke na ɗaukar gurabe 90 zuwa 96. Sai dai kowane makami sai da amincewar gwamnatin Amurka, kuma dogon samfurin akwatin ya haura mita bakwai, sai jirgi mai zurfin ciki.

Sylver na Faransa ya zo da tsayi huɗu: A35, A43, A50 da A70. Galibi makaman Aster na kare harin sama yake harbawa, A70 kuma har da na dogon zango. Yana da inganci, amma zaɓin makamansa kaɗan ne. Na Rasha, UKSK, ya nuna kansa a Oktoban 2015, lokacin da ƙananan jirage suka harba makamai masu linzami na Kalibr daga Tekun Kaspiyan zuwa Siriya. Yau takunkumi ya sa cinikinsa wuya.

Inda na fi so mu tsaya mu duba shi ne ƙanana. Umkhonto na kamfanin Denel na Afirka ta Kudu yana kan jiragen ƙasar da na Aljeriya. VL MICA na Faransa yana kan jiragen Masar da Maroko. Turkiyya, wadda muka ba kamfaninta Dearsan kwangilar jiragen sintiri biyu, ta ƙera nata MIDLAS ta ɗora a kan jirginta na yaƙi TCG Istanbul.

Ranka ya daɗe mai sa hannu, kafin a tambayi nisan da makami ke kaiwa, a tambayi wa zai sayar mana da shi bayan shekara ashirin, wa zai gyara, kuma radar jirgin za ta iya yi masa jagora? Gurbi in ya zama fanko, sai an koma tasha an cika shi da ƙugiya. Jirgin yaƙinmu NNS Aradu, da Jamus ta ƙera mana ya fara aiki a 1982, rashin kulawa ya zaunar da shi shekaru a gaɓa.

Aikinmu a Mashigin Gini ɓarayin teku ne da ɓarayin mai. A ganina gajeren akwati mai gurabe takwas ko sha shida na kare kai ya wadatar, tare da rubutacciyar yarjejeniyar horo da kayan gyara.