Soso ko audugar dutse: wanne ya dace da ɗakin haɗa sauti?

Wani ɗan uwa a rukunin nan ya kawo tambaya. Ɗakinsa na haɗa sauti tsawon mita 4 ne, faɗin mita 3, daga ƙasa zuwa silin mita 2.7, bangon bulo da siminti, ƙasa tayil. Ya ce in ya gama aiki yana jin komai daidai, amma da an sa a mota sai bes, wato kakkauran sautin ƙasa, ya cika kunne, wani lokacin kuma ya ɓace. Yana so ya san ko ya sayi sosan situdiyo mai tsini-tsini ya liƙe bango, ko ya sa kafinta ya haɗa masa allunan audugar dutse, wadda aka fi sani da Rockwool.

Malam, kafin komai, duka biyun ba sa hana ƙarar janareta ko ta maƙwabta shigowa. Wannan aikin bango mai nauyi ne da ƙofa mai toshe kafa. Aikinsu rage sautin da ke dawowa daga bango.

Bambancinsu a kauri yake. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka zangon igiyar sauti mai 100 Hz, wato mai girgiza sau 100 a daƙiƙa, ya kai mita 3.4. Abu mai ƙofofin iska yana shanye sauti sosai ne in kaurinsa ya kusanci kwata na wannan zango, wato wajen santimita 86 ke nan. Soson da ake sayarwa yawanci santimita 5 ne, kuma tsinin nan na rage masa nama. Yana kama siririn sauti da na tsakiya, amma daga 500 Hz zuwa ƙasa ƙarfinsa ya fara ƙarewa, bes kuwa wucewa yake kamar babu komai a bangon. Allon audugar dutse mai santimita 10, in aka bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango, yana taɓuka abin kirki har wajen 125 Hz.

Matsalarka kuma a bes ɗin take. Raba 343 da ninkin tsawon ɗaki: mita 4 na ba da 43 Hz, mita 3 na ba da 57 Hz, silin na ba da 64 Hz. A waɗannan Hz ɗin sauti ke taruwa a jikin bango da kusurwa, ya kusan mutuwa a tsakiyar ɗaki. Wanda ya zauna inda bes ya mutu zai yi ta ƙara shi, mota ta tona masa asiri. In ka lulluɓe ɗakin da soso, za ka tafa hannu ka ji tsit, ka ɗauka an gama, alhali ka kwashe saman sautin ne ka bar gurnanin. Ɗakin ya fi da muni. Kwalin ƙwai da kafet a bango ma ba mu sa su a lissafi ba.

Soso na da nasa amfanin: ba shi da nauyi, ana liƙa shi a yini ɗaya, yana maganin karkarwar sauti tsakanin bango biyu masu fuskantar juna. Amma zafi da hasken rana na sa shi ya yi ɗorawa ya fara marmashewa, kuma wanda ba a yi masa maganin wuta ba man fetur ne a bango. Gobarar gidan rawa na Station a Amurka a 2003, wadda ta ci mutum 100, daga irin wannan soso ta bazu. Audugar dutse ba ta cin wuta. Aibinta ƙaiƙayi da ƙura lokacin yanka, sai da safar hannu, takunkumi da riga mai dogon hannu.

Mu audugar dutse muka zaɓa maka. Nemi mai nauyin kilo 40 zuwa 60 a kowace mita kubik, girman santimita 120 da 60. Kafinta ya yi firam na katako, kada ya rufe bayan da filawud, domin hakan na kashe amfanin tazarar. A rufe da yadin da in ka kara a baki ka hura, iska za ta wuce. Leda ko yadi mai santsi mayar da siririn sauti yake yi.

Fara da kusurwowi huɗu. Gitta allo a kowace kusurwa, biyu a kan juna, allo takwas ke nan. Allo mai faɗin 60 da aka gitta yana barin zurfin santimita 30 a bayansa, in ka cusa ragowar audugar a ciki ya fi. Sai gefe: zauna a kujerarka, wani ya ja madubi a jikin bango, duk inda ka hango sifika a madubin nan ne wurin allo, ɗaya dama ɗaya hagu. Biyu a rataye a silin saman tebur, biyu a bangon baya. Jimla 14. In kuɗi ya gaza, kusurwowin gaba da gefe biyu su ne kan gaba.

Gaskiya ko wannan ba zai kashe 43 Hz gaba ɗaya ba, wurin zama ne zai ɗauki sauran. Fuskanci gajeren bango, kunnenka kusan kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin, wato mita 1.5 daga gaba, kuma dama da hagu su zama daidai. Tazarar sifika biyu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kanka, ƙaramin bakin sifika a saitin kunne. Sannan ka sauke manhajar auna sautin ɗaki ta REW, kyauta ce, ka auna da makirufo na awo irin UMIK-1 kafin ka rataye allo ko ɗaya, ka sake aunawa bayan kusurwowi. Abin nema shi ne sauti ya riƙa mutuwa cikin daƙiƙa 0.2 zuwa 0.3. In ka ga rami mai zurfi a jadawalin da REW ta nuna, matsar da kujera ko sifika santimita 10 ka ƙara aunawa, kada ka ce za ka cike shi da ikwalaiza, wato na'urar ƙara ko rage wani ɓangare na sauti.